Tsohuwar Tabar Lofe ta Salon Ingila: Abin da Ke Cikin Gwangwanin da Aka Daina Yi

Daga cikin mashaya lofe na ƙasashen Turai da Amurka akwai wani rukuni da ke ajiye taba shekara da shekaru a cikin gwangwanin da ba a fasa ba, kamar yadda ake ajiye zuma ko turare mai tsada, kuma tabar da ta fi kowace daraja a idonsu ita ce wadda gidan da ke yin ta ya rufe, ko kuwa ya daina fitar da ita. Lofe shi ne tukunyar shan taba mai mariƙi, wadda ake cusa wa yankakken ganye a kunna masa wuta a riƙa zuƙar hayaƙin a hankali, kuma ko da yake Hausawa sun san shi tun zamanin kakanni, al'adar da ake magana a kanta a nan ta tashi ne a shagunan taba na Landan da wasu garuruwan Birtaniya a ƙarni na 19 da na 20. A can ne aka ƙware wajen gauraya ganyaye daga ƙasashe masu nisa da juna, har aka samu abin da a yau ake kira haɗin salon Ingila. Yawancin gidajen da suka kafa wannan suna sun shuɗe, wasu kuma sunayensu sun koma hannun manyan kamfanoni, saboda haka gwangwanayen da suka rage daga zamaninsu sun zama abin nema ruwa a jallo. Darajar irin wannan gwangwani tana rataye ne a kan abubuwan da kuɗi ba ya iya dawo da su, wato ganyen da aka daina nomawa, da hannun da ya haɗa shi, da kuma shekarun da ya kwashe a rufe.

Ma'anar salon Ingila

Asalin wannan salo ya fi alaƙa da haraji fiye da ɗanɗano. A shekarar 1842 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta hana masu sarrafa taba yi mata algus, wato cakuɗa ta da sukari ko zuma ko ganyen wasu tsirrai domin ƙara mata nauyi, saboda taba tana cikin manyan kafofin kuɗin shiga na gwamnati, kuma duk abin da aka ƙara mata bayan ta wuce hannun jami'an kwastan nauyi ne da ba a biya masa haraji ba. Wannan doka ta takura wa masu haɗa taba na Birtaniya na tsawon fiye da shekara 100, domin a daidai lokacin da takwarorinsu na Amurka da wasu sassan Turai ke jiƙa ganye da kayan zaƙi da na ƙamshi, su ba su da abin dogaro sai ganyen kansa. Larura ta sa suka koyi fitar da zaƙi da yaji da ƙamshi ta hanyar zaɓen ganye da matse shi da turara shi da auna yawan kowane iri a cikin haɗi, har takurar ta rikiɗe ta zama gwaninta.

Ko da yake an sassauta dokar a rabi na biyu na ƙarni na 20, sunan ya zauna, sai dai ma'anarsa ta ɗan ƙuntata. A bakin mashaya lofe na yau, musamman Amurkawa waɗanda su ne suka fi yayata sunan, haɗin Ingila yana nufin tabar da aka gina a kan ganyen Bajiniya da ganyen Gabas da Latakiya, ba tare da kayan zaƙi masu rinjaye ba, ko da kuwa a Danmak ko Jamus ko Amurka aka yi ta. Idan ganyen Gabas ne ya fi fitowa a ɗanɗano, sai a kira haɗin da sunan Balkan.

Ganyayen da ake haɗawa

Ganyen Bajiniya, wanda ya ɗauki sunansa daga jihar Bajiniya ta Amurka ko da yake a yau ana noma shi a ƙasashe irin su Barazil da Zimbabuwe da Indiya, shi ne ginshiƙin haɗin. Ana busar da shi a rufaffen ɗaki da zafin wuta mai bi ta cikin bututu, ta yadda hayaƙi ba ya taɓa shi, kuma da yake busarwar ba ta wuce kimanin mako guda, sukarin da ke cikin ganyen yana nan bai gushe ba, har yakan kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin busasshen ganye. Wannan sukari shi ne dalilin da ya sa Bajiniya ta fi kowane ganye amfana da tsufa.

Ganyen Gabas kuwa ƙananan ganyaye ne masu ƙamshi da ake nomawa a busassun tuddai na Turkiyya da Girka da Bulgeriya da Masedoniya ta Arewa, ana tsinke su da hannu a soke su a zare a shanya a rana, kuma ana kiran su da sunayen yankunan da suka fito, kamar Izmir da Samsun da Dirama da Katerini da Yenije. Su ne ke ba haɗi ɗan tsami da yaji da ƙamshi irin na furanni.

Latakiya ita ce alamar da ake gane haɗin Ingila da ita tun daga nesa. Sunan na birnin Latakiya ne, babbar tashar jiragen ruwa ta Siriya a gaɓar Bahar Rum, inda a da ake lodin ganyen zuwa Turai. Asalinta ganyen Gabas ne da aka shanya a rana, sannan aka rataye shi a rufaffen ɗaki aka hura wutar itatuwa da ciyayi masu ƙamshi a ƙarƙashinsa, wuta mai hayaƙi marar harshe, har tsawon makonni ko watanni, kwatankwacin yadda ake bandar kifi, sai ganyen ya koma baƙi ƙirin ya ɗauki ƙamshin da wasu ke kamantawa da turaren wuta, wasu kuma da sabuwar fatar da aka jeme. Tun daga shekarun 1960 aikin ya fara ja da baya a Siriya, musamman bayan da hukumomi suka taƙaita saran itatuwan da ake bandar da su, sai sana'ar ta koma tsibirin Kubrus, inda aka riƙa amfani da wani irin ganye da wasu itatuwa dabam. Masana ɗanɗano suna cewa ta Siriya ta fi laushi da kaifin ƙamshi, ta Kubrus kuma ta fi nauyi da hayaƙi, kuma yaƙin da ya ɓarke a Siriya a shekarar 2011 ya ƙarasa abin da ya rage na sana'ar a can. Wannan ne ya sa duk gwangwanin da aka tabbatar yana ɗauke da Latakiyar Siriya yake da matsayi na musamman. A wasu haɗe-haɗen akan ƙara ɗan Perik, wato ganyen da ake matsewa a cikin gangar katako ya tsima kimanin shekara guda a wani ƙaramin yanki na jihar Luwiziyana ta Amurka, domin ya kawo yaji irin na masoro.

Gidajen da suka shuɗe

Babu sunan da ya kai na Dunhill a wannan fage. Alfred Dunhill ya buɗe shagonsa a titin Duke da ke unguwar St James's ta Landan a shekarar 1907, kuma tsarinsa shi ne ya saurari abin da mai saye ke so, ya haɗa masa taba tasa ta kansa, ya rubuta ma'aunin a cikin wani babban littafi ya ba shi lamba, ta yadda duk ranar da mutumin ya dawo sai ya faɗi lambarsa kawai. Littafin ya tara dubban haɗe-haɗe, kuma daga cikinsa ne aka samu My Mixture 965, wadda ta shahara tare da Early Morning Pipe da Nightcap da London Mixture da Durbar. A shekarar 1981 aikin haɗa su ya koma masana'antar Murray da ke Belfas a Ailan ta Arewa, da aka rufe wannan masana'anta a shekarar 2005 kuma ya koma hannun kamfanin Orlik a Danmak, sannan a shekarar 2018 kamfanin British American Tobacco, mai riƙe da sunan, ya daina fitar da tabar lofe ta Dunhill gaba ɗaya. Shekara guda bayan haka wasu daga cikin haɗe-haɗen suka dawo kasuwa da sunan Peterson. Saboda wannan tarihi ma'abota lofe ba sa ambaton Nightcap ko 965 su yi shiru, sai sun fayyace ko ta zamanin Landan ce, ko ta Murray, ko ta Danmak, domin kowace a cikinsu taba ce dabam a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na biyu shi ne gidan Sobranie, wanda iyalin Redstone suka kafa a Landan a shekarar 1879, kuma kalmar tana nufin majalisa a harsunan Silabawa na gabashin Turai. Tabarsu mai suna Balkan Sobranie, tare da 'yar'uwarta mai lamba 759, ta yi fice saboda ganyen Yenije da Latakiyar Siriya da ke cikinta, kuma daga gare ta ne kalmar Balkan ta zama sunan wani reshe guda na salon. A wajen farkon shekarun 1980 aikin ya koma hannun kamfanin Gallaher, aka yi ta sauya ma'aunin har aka daina fitar da ita, kafin daga baya gidan Germain na tsibirin Jasi ya farfaɗo da sunan da nasa haɗin.

Na uku ba a Ingila yake ba, amma salon ya rayu a hannunsa. Gidan McClelland, wanda aka kafa a birnin Kansas na jihar Misuri a shekarar 1977, ya shahara da jan ganyen Bajiniya mai ƙamshin tsami da kuma haɗe-haɗe masu Latakiya irin su Frog Morton da British Woods. A shekarar 2018 masu gidan suka rufe shi, suna masu bayyana cewa ganye mai ingancin da suka saba da shi ya daina samuwa, ga kuma nauyin sababbin dokoki, kuma ba su sayar wa kowa sunan ko sirrin haɗin ba. A Sikotlan ma labarin bai bambanta ba, domin tabar John Cotton ta Edinbara ta ɓace daga kasuwa shekaru masu yawa, ta Rattray ta garin Perth kuma a Jamus ake yin ta yanzu. Akwai kuma asarar da ta zo farat ɗaya, kamar gobarar da ta cinye wani rumbun Latakiyar Siriya a Amurka a shekarar 2004, wadda ta kawo ƙarshen haɗin Bohemian Scandal da wasu haɗe-haɗen wani gwanin haɗa taba mai suna G. L. Pease.

Dalilan wannan gushewa a bayyane suke. Binciken da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa a shekarar 1950, da rahoton ƙungiyar manyan likitocin Birtaniya na shekarar 1962, da na babban likitan gwamnatin Amurka na shekarar 1964, sun tabbatar da cutarwar taba, mashaya lofe suka yi ta raguwa, har lambar girmamawa ta gwarzon mai shan lofe na shekara, wadda firaministan Birtaniya Harold Wilson ya taɓa karɓa a shekarar 1965, aka daina bayar da ita bayan shekarar 2003. Ingila ta hana shan taba a rufaffun wuraren taruwar jama'a a shekarar 2007, Amurka kuma a shekarar 2016 ta sanya tabar lofe ƙarƙashin hukumar kula da abinci da magunguna, tare da sharaɗin cewa duk haɗin da ya shiga kasuwa bayan 15 ga Fabrairu 2007 sai ya nemi izini. A gonaki kuma inji ya maye gurbin hannu wajen girbi, manyan kamfanonin sigari suna saye ganyen Gabas a dunƙule suna cakuɗawa, sai ya zamana ƙaramin mai haɗi yana wahalar samun ganyen yanki guda a ware.

Abin da shekaru ke yi wa taba

Taba ganye ne da ya bushe amma bai daina sauyawa ba. Idan aka rufe ta a gwangwani da ɗan danshi da ɗan iskar da ta rage, ƙananan halittun da ido ba ya gani da sinadaran da ke cikin ganyen sukan ci gaba da aiki har iskar ta ƙare, sannan a shiga wani mataki na tsimawa a hankali ba tare da iska ba, wanda kan ɗauki shekaru. A cikin wannan lokaci ganyen Bajiniya yana ƙara duhu, daga launin ruwan gwal zuwa ja mai duhu ko ƙasa-ƙasa, zafin da yake yi wa harshe yana raguwa, ƙamshinsa na ciyawa yana komawa na zabibi da ɓaure da dabino. Haka kuma ganyaye daban-daban da aka haɗa suna shan ƙamshin juna har su zama abu guda, kamar yadda humra ke ƙara kama jiki idan ta daɗe a kwalba, ko yadda miya ke ƙara armashi idan ta kwana.

Sai dai haɗin Ingila yana da wani hali da ya bambanta shi da tabar Bajiniya zalla, domin Latakiya tafiyarta ta saɓa da ta Bajiniya. Ƙamshin hayaƙin da aka banda mata yana dusashewa da shekaru, ta yadda haɗin da ke cika ɗaki da ƙamshi a lokacin da yake sabo yakan koma mai sanyi da laushi, ganyen Gabas da na Bajiniya su fito fili. Ma'abota wannan al'ada da yawa sun yi ittifaƙi a kan cewa sauyi mafi girma yana faruwa ne a shekarun farko, kamar daga shekara 1 zuwa 5, kuma haɗi mai Latakiya yana da ganiyar da idan ya wuce ta sai ya fara saukowa, saɓanin Bajiniya zalla wadda kan ci gaba da kyautatuwa na tsawon lokaci. Wannan yana nufin cewa wanda ya fasa gwangwanin Balkan Sobranie mai shekara 40 ba abin da masu saye na wancan zamani suka sha yake sha ba, wata taba ce dabam wadda mai haɗin kansa bai taɓa ɗanɗanawa ba. Tsufa kuma ba ya gyara abin da tun asali ba shi da kyau, kuma tabar da aka cika da kayan zaƙi da ƙamshin roba ba ta cika amfana da ajiya ba, domin ƙamshin yakan gushe ya bar ganye salam.

Gane tsohon gwangwani da adana shi

Sanin shekarun gwangwani ilimi ne mai zaman kansa. Ana duba irin murfinsa, domin na da can akwai wanda ake yanke bakinsa da wata 'yar wuƙa da ke maƙale a murfin, daga baya aka koma wanda ake ɓantarewa da kwabo, sannan wanda ake ja da zobe. Ana duba sunan ƙasar da aka buga a jiki, da adireshin kamfani, da ko an rubuta nauyin da ma'aunin oza na da ko da giram, da kasancewar gargaɗin lafiya ko rashinsa, da kuma lambobin da wasu gidaje irin su McClelland ke bugawa a gindin gwangwani waɗanda ke nuna shekarar da aka cika shi.

Babban abokin gābar tsohon gwangwani shi ne tsatsa, domin danshin taba kan ci ƙarfe daga ciki ya huda shi huji ƙanƙane da ido ba ya gani, iska ta shiga, ganyen ya bushe ya zama gari. Gwangwanin da ke kaɗa kamar caki idan an girgiza shi, ko wanda ƙamshi ke fita daga gare shi alhali yana rufe, alama ce ta cewa ya sha iska, amma wanda murfinsa ya ɗan kumbura yakan nuna cewa tsimawa ta gudana a ciki. Bayan an fasa, akan ga wani farin abu a jikin ganyen, kuma a nan ake buƙatar natsuwa, domin idan ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙyalli kamar gishiri marasa wari, ma'abota suna ɗaukar su alamar tsufa mai kyau, idan kuwa abin yana da gashi-gashi kamar auduga, ko ya yi kore ko shuɗi, ko yana warin ɗakin da ya daɗe a rufe, to funfuna ce, kuma babu abin yi sai zubarwa. Masu ajiya suna adana gwangwanayensu a wuri mai sanyi da duhu marar laima, inda zafi ba ya hawa da sauka, tabar da aka saya a buɗe kuma suna zuba ta a kwalabe masu murfin roba irin na adana abinci, su rubuta suna da kwanan wata, su bar su a rufe, domin duk buɗewa tana katse tsimawar. Ganyen da ya bushe ana iya dawo masa da laushi ta hanyar zuba shi a kwano a rufa masa tsumma mai danshin tataccen ruwa ba tare da ya taɓa shi ba, amma ƙamshin da ya riga ya tashi ba ya dawowa.

Yadda ma'abotanta ke shan ta

Tsohuwar taba ba ta jure jira bayan an fasa ta, domin da zarar iska ta same ta sai ta fara sauyawa da sauri, saboda haka masu ita sukan mayar da ita ƙaramar kwalba nan take su shanye ta cikin 'yan makonni, ko kuwa su jira ranar da abokai suka taru a fasa a gabansu kowa ya ɗiba. Sukan keɓe mata lofe na musamman, domin Latakiya tana barin ƙamshinta a jikin tukunya har ya shafi duk abin da aka sha bayanta, abin da suke kira fatalwa. Yawancin lofen ana sassaƙa shi ne daga saiwar wani itace mai jure wuta da ke tsirowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, sana'ar da garin Saint-Claude na Faransa ya shahara da ita tun tsakiyar ƙarni na 19, amma mai son ya ji ɗanɗanon ganye tsantsa yakan zaɓi na farin dutse mai laushi da ake haƙowa a yankin Eskishehir na Turkiyya. An fi son tukunya mai faɗin baki ga haɗin Ingila, saboda ganyaye iri-iri su ci wuta a lokaci guda. Ana barin ganyen ya ɗan sha iska, a cusa shi sako-sako a ƙasa da ɗan ƙarfi a sama, a kunna da ashana a danne tokar farko sannan a sake kunnawa, a riƙa zuƙa a hankali ba tare da an haɗiye hayaƙin ba, domin gaggawa tana ɗumama tukunya ta ƙone ɗanɗanon da aka jira shekaru kafin a samu.

Kwaikwayo da kasuwar gwanjo

Tun da buƙata ta fi kaya yawa, gwangwanayen da aka daina yi suna canza hannu a gwanjo da tarukan masu tara lofe a kan farashin da ya ninka na asali sau da yawa, kuma duk inda kuɗi ya taru dole a samu mai algus, wanda kan cika tsohon gwangwani da sabuwar taba ya sake liƙe shi. A ɗaya ɓangaren kuma masu haɗi na zamani suna ƙoƙarin kwaikwayon abin da ya ɓace. A babban taron masu lofe na birnin Chikago na shekarar 2011 an shirya gasar kwaikwayon Balkan Sobranie 759, inda alƙalai suka zaɓi Black House ta wani mai haɗi mai suna Russ Ouellette, jama'ar da suka halarta kuma suka zaɓi Blue Mountain ta McClelland, wadda ita ma ta bi sahun abin da ta kwaikwaya bayan rufe gidan a shekarar 2018. Irin waɗannan haɗe-haɗe sukan yi kyau a karan kansu, amma kama da wane ba ta wane, domin ma'auni a rubuce ba ya ɗauke da ƙasar da ganye ya tsiro a cikinta, ko itacen da aka banda shi da shi, ko idon ma'aikacin da ya san lokacin da ganye ya nuna. Haka kuma ya kamata a yi adalci ga na yanzu, domin Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wani ɓangare na yabon da ake yi wa tsofaffin haɗe-haɗe bege ne na ƙuruciya da ta wuce. Har yanzu akwai gidaje masu tsohon tarihi da ke aiki, kamar na Gawith a garin Kendal na arewacin Ingila, wanda asalinsa ke komawa shekarar 1792.

Gaskiyar da tsufa ba ya sauyawa

Wannan al'ada tana da abin koyo ga duk mai sha'awar tarihin sana'o'in hannu, domin tana nuna yadda doka da noma da yaƙi da ciniki ke taruwa su gina gwaninta sannan su rushe ta, kuma tana tunatar da cewa ana iya sayar da sunan kaya amma ba a iya sayar da hannun da ya yi shi. Duk da haka, dalili mafi girma da ya rage mashaya lofe a duniya dalili ne na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma babu wani nau'inta da ya kuɓuta daga cutarwa. Mai shan lofe, ko da ba ya haɗiye hayaƙi, yana cikin ƙarin haɗarin kamuwa da ciwon daji na leɓe da baki da maƙogwaro da huhu, ga cututtukan zuciya da na dasashi, ga kuma sinadarin nikotin mai kama jiki wanda ke shiga ta fatar baki, sannan hayaƙin yana cutar da iyalin da ke zaune tare da shi. Malaman Musulunci da yawa sun yi hani da shan taba saboda wannan cutarwa da kuma ɓarnar dukiya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan karin magana ba ta hau kan taba ba, domin shekaru suna tausasa ɗanɗanonta ne kawai, ba sa rage komai daga gubarta. Wanda bai fara sha ba kada tarihin waɗannan gwangwanaye ya ja shi ya fara, wanda kuma ya riga ya saba, mafi alheri gare shi shi ne ya nemi taimakon likita ya daina.